Kashi Hamsin na Me, Saudatu?

Jega,
ranar Talata.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Saudatu ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da kakarki Hajiya da duk mutanen gidan Liba. Ki durƙusa ki gaishe mini da ita, ki tambaye ta ya ƙafa. Allah shi ƙara mata sauƙi, shi tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Babanki ne zai ratso ya miƙa miki wannan idan ya sauke fasinjojinsa a Maiyama. Da gangan na ƙi kiranki a waya. Na san halina, na san naki. Ni in ɗaga murya, ke ki sunkuyar da kai ki ce "to, Inna," sannan ki je ki aikata abin da kika riga kika ƙudurta. Takarda ba ta tsawa, don haka ki zauna ki karanta ta har ƙarshe.

Jiya ya dawo mini da labarin da Hajiya ta ba shi. Wai kin ce za ki rubuta wa jami'a a ɗage miki karatu sai baɗi, saboda za a rufe rajista a Zariya kafin ranar jarrabawata, kuma ba ki son barina ba mai koya mini lissafi. Wai har kin ce shekara ɗaya ba komai ba ce. Na tura ki Liba ki yi wa kakarki bankwana, ashe shawara kika je ƙullawa a bayana.

Ban yarda ba. Gurbin karatun haɗa magunguna ba tabarma ba ne da za ki naɗe ki jingine ki ce sai na dawo. Waɗanda suka ba ki tallafin karatu ba su ce za su jira kowa ba, kuma akwai 'ya'yan mutane a layi bayanki. Idan gurbin nan ya kuɓuce miki saboda ni, kiredit ɗin da zan samu ba zai yi mini daɗi ba har in mutu.

Amma ba zan tsaya a "ban yarda ba" kawai ba, don ke ba yarinya ba ce yanzu. Zan faɗa miki dalili. Kuma tunda barin gida za ki yi, akwai maganganun da nake son ki tafi da su, waɗanda ban samo su a ko'ina ba sai a kan tabarmar nan da muke zama bayan La'asar, ni da littafi, ke da jan biro.

Kin san na gama sakandare a Aliero tun ba a haife ki ba, na ci komai ban da lissafi. Kin san shekarun da na yi a asibitin unguwa ina share ɗakin awo, ina ɗora jarirai a sikeli, ina riƙe hannun masu naƙuda, alhali makarantar koyon aikin lafiya ba ta karɓar kowa sai da kiredit a lissafi. Abin da ya kayar da ni a wancan lokacin ba tarawa ba ne, ba ɗebewa ba. Tambayoyin nan ne da ake kawowa cikin labari: manomi ya yi kaza, ɗan kasuwa ya yi kaza, nawa ya rage? Ni da na ga labari sai in tsallake maganar in cafke lambobi. In na ga biyu sai in ninka su, in abin ya yi yawa sai in raba. Ko sau ɗaya ban taɓa ɗaga hannu a aji na ce ban gane ba, don kada 'yan aji su yi mini dariya. Dariyar da na guje wa ba ta wuce ta ɗan lokaci ba, amma ga ni da furfura ina rajistar jarrabawa tare da sa'o'inki. To, ki ji ni da kyau. A can za ki haɗu da 'ya'yan manya masu Turanci kamar ruwa, za ki ji nauyin buɗe baki. Ki buɗe. In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ko da ke kaɗai ce a ajin. Wanda ya yi miki dariya ba shi zai rubuta miki jarrabawa ba.

Kin tuna ranar albasa? Lokacin Kawunki Lawwali ya aiko mana da buhu daga Aliero, gidan duk warinta. Tambayar ta ce manomi ya jibge buhu ashirin a rudu, wato ma'ajiyar albasa, ruɓa ta cinye kashi hamsin cikin ɗari, daga baya ya ƙara kashi hamsin a kan abin da ke rudun. Buhu nawa gare shi? Ko biro ban ɗauka ba na ce ashirin. An cire hamsin, an mayar da hamsin, ai magana ta ƙare. Har haushi na ji da aka kawo wa manya irin wannan.

Kika tashi kika ɗebo albasa ashirin kika jera a gabana.

"Inna, ɗebe rabi."

Na ɗebe goma na tura gefe.

"To, yanzu ƙara rabin abin da ke gabanki."

Na miƙa hannu zan kwaso goman nan duka, kika dafe mini hannu. Ke, Saudatu, kika dafe hannun uwarki.

"Rabin abin da ke gabanki na ce, Inna. Nawa ne a gabanki?"

"Goma."

"Rabinsu fa?"

Na ɗauko biyar na ƙara. Na ƙirga, sha biyar. Na sake ƙirgawa, sha biyar. Ga sauran biyar can gefe suna kallona. Na ce miki an yi mini wayo. Kika ce, "Ba wanda ya yi miki wayo. Hamsin ɗin farko na ashirin ne, na biyu na goma ne. Duk inda kika ji kashi kaza, ki tsaya ki tambaya: na me?"

Ni haifaffiyar Aliero ce, a gindin rudu na girma, na sha jin Baba yana cewa ruɓa ta ci masa rabi. Amma sai da ɗiyar cikina ta zaunar da ni na san cewa ramin da aka faɗa ya fi tsanin da ake fitowa da shi tsawo. Wanda ya rasa rabi, sai ya ninka abin da ya rage masa kafin ya koma inda yake. Ki riƙe wannan a kan mutuncinki. Zubar da rabinsa aikin yini ɗaya ne, mayar da shi kuwa sai kin yi ninkin wahala. Haka karatu. Idan kika yi wasa da zangon farko kika ce za ki rama a na biyu, to da ɗan abin da ya rage miki za ki fara ramawar, ba da wanda kika zo da shi ba. Kuma duk wanda ya zo miki da daɗin baki yana cewa ya fi kowa sonki, ko ya fi kowa iyawa, ki tambayi kanki: ya fi wa, kuma da me aka auna?

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don na hali ne. Tambayar awaki. Tanko yana da akuya huɗu, aka yi maganar na Bala da wani irin Turanci mai ɗaukar hanya biyu: ko dai awakin Bala ninki uku ne na na Tanko, su zama sha biyu, ko kuwa sun ɗara na Tanko da ninki uku, wato huɗun nan da ƙarin sha biyu, su zama sha shida. Ni na tsaya na karanta a hankali kamar yadda kika koya mini, na kawo sha shida. Muka duba bayan littafi, sha biyu.

Na ce littafin ya yi ƙarya. Kika ce, "Bai yi ƙarya ba, Inna. Ke ma ba ki yi ba. Wanda ya rubuta tambayar ne ya yi gaggawa, bai killace maganarsa ba. Yawanci in sun faɗi haka sha biyu suke nufi."

Ni kuwa ba haka nake so ba. So nake ki ce ni ke da gaskiya, littafi ya faɗi. Na ce miki kin goyi bayan takarda a kan uwarki. Daidai nan babanki ya shigo, ya tarar ina faɗa, ya tambayi mi ya faru. Da kika gaya masa, sai ya zauna a bakin baranda yana cire takalmi yana dariya.

"To ke Hadiza, akuya huɗu sunka ɓace tsakaninki da littahi, ki kai ƙara wurin alkali mana. Ni dai in an gano su a ba ni guda, Sallah na tahe."

"Malam, ba da kai nake ba."

"Ai na sani. Da Bala kike. Allah shi ba ki haƙuri, Bala bai kyauta ba."

Kika kasa riƙe dariya, ni kuwa na naɗe tabarma na shige ɗaki. Na yi kwanaki ban zauna karatu ba, ina fushi da ke, da babanki, da wani Bala da babu shi a duniya. Kullum bayan La'asar sai in ji kin shimfiɗa tabarma kin ajiye littafi, kin zauna kina tsince shinkafa kamar ba jirana kike ba. Ba ki roƙe ni ba, ba ki kuma fasa shimfiɗawa ba. Ranar da na gaji da kaina na fito, ba ki tayar da maganar ba. Cewa kawai kika yi, "Inna, in irin wannan ta zo inda ake nuna aiki, ki fara rubuta layi ɗaya ki ce ga yadda na fahimci tambayar, sannan ki yi lissafinki. Mai dubawa zai ga kin san abin da kike yi. In kuma a wurin zaɓi ne, ki lissafa duka biyun ki ga wanne suka kawo."

Wannan nasiha taki ce, amma ina mayar miki da ita, don za ki fi ni bukatarta. Aikin da za ki koya ba na awaki ba ne. Wata rana likita zai rubuto a ƙara wa majinyaci magani, maganar ta ɗauki hanya biyu, kuma tsakanin hanyoyin nan biyu akwai ran mutum. Kada ki yi canki-canka, kada kuma ki tsaya gardamar wa ya fi iya Turanci. Ki tashi ki je ki same shi ki ce, "Ranka shi daɗe, ga yadda na fahimta, haka kake nufi?" In ya ɓata rai, ya ɓata. Haka tsakaninki da abokan zama a ɗakin kwana. Yawancin faɗan da na gani a rayuwata, har da waɗanda ni na tayar, daga nan suke farawa: an faɗi magana ba a killace ta ba, kowa ya ɗauki gefensa ya rantse a kai. Ki riƙa tambaya kafin ki yi fushi. Ni na yi fushin kafin in tambaya, kin ga dai abin da ya saya mini: kwanakin karatu da suka tafi a banza.

Ta kaji ma ban manta ba, ko da yake wannan ba ta kai ga naɗe tabarma ba. Mace tana da kaza goma, suka ƙaru da kashi ɗari biyu cikin ɗari. Na ji "biyu" na ce ashirin. Kika ce, "Inna, kin ƙirga 'yan tsaki kin bar iyayen a waje. Ashirin ɗin ƙari ne. Ina goman da ta fara da su?" Talatin ke nan. Tun daga ranar, duk tambayar da ta ce abu ya ƙaru, sai na fara rubuta abin da ake da shi tun farko kafin in taɓa ƙarin. Ke ma za ki ƙaru a can, in Allah ya yarda, ƙaruwa mai yawa. Za ki san abubuwan da ni da babanki ba mu taɓa jin sunansu ba. Duk abin da kika ƙaru da shi, a kan wanda kika tafi da shi za a ɗora: sallarki a kan lokaci, gaisuwarki ga na gaba, suturarki, da harshen da kika tashi da shi. Kada ki dawo mini hutu kina gyara wa Hajiya magana. In kika yi, ni da ke ne.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Ranar da kika tafi Liba na shimfiɗa tabarma da kaina, na buɗe tsofaffin tambayoyi na zaɓi goma masu labari. Na karanta ta farko, na rubuta layi ɗaya, na ɗaga kai. Na rubuta na biyu, na sake ɗaga kai. Ban ma san ina yi ba sai da babanki, yana zaune yana gyara rediyonsa, ya ce, "Wai mi kike nema a bangon ga? Tun ɗazu kike kallonai."

Wurin zamanki nake kallo. Sai a lokacin na gane abin da na daɗe ina yi. Ke ba ki sani ba, amma fuskarki ba ta iya ɓoye komai. Idan na kama hanyar da ba ita ba, sai ki ciji leɓenki na ƙasa ki fara murza bakin hijabinki. Idan na dawo hanya, sai ki saki numfashi, kafaɗunki su sauka. Watanni ina rubuta layi, in saci kallonki, in na ga leɓe a haƙori sai in goge in canza. In ninkawa na yi sai in koma rabawa, in da sabuwar lamba na auna sai in koma tsohuwa. Ke kina murna Inna ta gane, ni ma ina murna na gane. Ashe rabin abin da nake karantawa ba a littafi yake ba.

A cikin goman nan uku na ci.

Ban yi kuka ba, kada ki sa a ranki. Amma na daɗe zaune ina kallon takardar. Na ce wa kaina: Hadiza, ranar jarrabawa wa za ki kalla? Mai sa ido? Ko yarinyar da ke kusa da ke, a kama ki a ce tsohuwa na satar amsa? Wannan kuskure nawa ne, ba naki ba. Ke koyarwa kika yi da zuciya ɗaya, ni ce na sami hanya mai sauƙi na bi, irin wadda na saba bi tun ina 'yar makaranta. Da can lambobi nake cafkewa don in guje wa karanta tambaya, yanzu kuma fuskarki na cafke.

Washegari na ɗebo wake a gwangwani na ajiye kusa da ni. Duk tambayar da ta zo, sai in karanta ta sau biyu da ƙarfi, in mayar da ita Hausa da bakina kamar ina ba wa maƙwabciya labari, sannan in jera waken a tabarma: ga abin da ake da shi, ga abin da aka cire, ga abin da aka ƙara, kuma kashin nan na wane tuli ne. In na gama, ba wanda zan kalla, dole in koma in bi sawun aikina da kaina in ga ko amsar ta yi kama da hankali. Abin yana cin lokaci, har tuwon dare ya riƙa makara, babanki yana cewa tunda aka fara dafa wake a tabarma ya daina ganinsa a tukunya. Amma daga baya na rage jera waken, sai in zana 'yan ɗigo a gefen takarda, wanda shi ba mai hana ni yinsa a ɗakin jarrabawa.

Shekaranjiya na sake zaɓar goma da ban taɓa gani ba. Na ci bakwai. Daga uku zuwa bakwai ƙarin huɗu ke nan, kuma da ukun za a auna, ba da bakwai ba, don daga uku na taso. Huɗu bisa uku, kashi ɗari da talatin da uku da 'yan kai. Ki duba da jan bironki, in na yi kuskure ki faɗa.

Har a wurin aiki abin ya bi ni. An dawo da wani jariri awo, an haife shi da kilo uku cif, na ɗora shi a sikeli na ga biyu da ɗigo bakwai. Ma'aikaciyar jinyar da nake taimaka wa hannunta na cikin wani aiki, ta ce in rubuta nauyin za ta lissafa raguwar daga baya. Na tsaya na tambayi kaina, na me? Na nauyin haihuwa. Na ce mata, "Sista, kashi goma ne ya ragu." Ta duba da kalkuleta ta ce haka ne, ta shiga yi wa uwar tambayoyi a kan shayarwa. Ni kuwa duk yinin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai ba.

To kin ji. Abin da za ki iya ba ni kin riga kin ba ni. Wanda ya rage, sai ba kya nan zan same shi. Idan kika zauna, tabarmar nan za mu koma, ke ki ciji leɓe ni in goge, mu yi ta yaudarar juna har ranar da zan shiga ɗakin jarrabawa ni kaɗai in rasa abin kallo. Zamanki ba taimako ba ne gare ni yanzu. Ki ajiye karatunki, ki kuma lalata mini nawa, wace riba aka ci?

Ki ɗauki darasi a nan ma. A can za ki sami ƙawa mai kaifin kai, ko malamin da ke sonki da alheri, ki ji daɗin jingina. Ki karɓi taimako, ba laifi, amma lokaci-lokaci ki keɓe ki gwada kanki ba kowa a kusa, ki ga nawa ne naki na gaskiya. Kuma idan ke ce ake jingina da ke, don na san halinki, duk inda kika je sai kin tara masu neman a koya musu, to ki san lokacin da za ki janye. Tausayi yana da iyaka. Wanda ya wuce iyaka yana nakasa wanda ake tausaya wa.

Sauran abubuwan kin san su, amma zan faɗa don kada ki ce ban faɗa ba. Kada ki hau motar dare. Kada ki ci abin hannun wanda ba ki sani ba a tasha. Wayarki ta karatu ce da kiran gida, ba ta hira da samari ba. Ki nemi ƙawa ɗaya mai tsoron Allah, ta fi miki taron goma. In ba ki da lafiya ki faɗa, kada ki ɓoye don kada hankalina ya tashi, hankalina ya saba tashi. Na daka miki yaji, na soya ƙuli-ƙuli, na ɗinke bakin zannuwanki, Kawunki ya aiko da albasar da zai ce dole sai kin tafi da ita, ki karɓa ki yi godiya ko da a tasha za ki rabar.

Ni ba mai yabon ɗa a gabansa ba ce, kin sani. Uwata ba ta yi mini ba, ni ma ban saba ba. Amma tunda takarda ce, kuma ba kya gabana, zan rubuta sau ɗaya. Ranar da sakamakonki ya fito, matan unguwa suka cika gidan nan, na ce musu ai ƙoƙarin malamai ne, na ci gaba da tankaɗe. Da suka watse na shiga ɗaki na yi sujada na daɗe ban ɗago ba. Kuma ban taɓa ganin malamin da ya kai ki haƙuri ba, har da waɗanda suka koyar da ni da bulala. Kin zaunar da uwa mai taurin kai, mai saurin fushi, kin koya mata abin da ya gagare ta tun tana budurwa, ba ki taɓa sa ta ji kunya ba. Ko shawarar nan da kika yanke, wadda nake yi miki faɗa a kanta, na san daga ina ta fito. Allah ya ba ni ɗiya. Na faɗa, kada ki sa ran ji a bakina.

Ga yadda za a yi. Ranar Juma'a babanki zai biyo ya ɗauko ki. Ki kwana a gida. Bayan La'asar ki zaɓo tambaya goma da kanki, masu wuya, kada ki tausaya mini. Zan zauna in juya miki baya in fuskanci bango, ke kuma ki ciji leɓenki yadda kike so. In na gama ki duba, ki faɗa mini abin da na ci. In goma ne, Asabar da safe ki tafi. In biyu ne, Asabar da safe ki tafi. Ba don a yanke hukuncin tafiyarki za mu yi ba, wannan na riga na yanke. Don ki gani da idonki ne, ki hau mota da zuciya ɗaya.

Idan na ci jarrabawar, da hannunki a ciki, kuma kowa zai ji haka daga gare ni. Idan na faɗi, ni na faɗi, ba tafiyarki ba. Zan sake rajista baɗi, ba yau na fara jira ba. Ke dai kada ki kuskura ki rubuta wa jami'a komai. In kin riga kin rubuta, ki yaga a gaban Hajiya, kuma zan tambaye ta.

Allah shi kai ki lafiya, shi tsare gabanki da bayanki. Allah shi haɗa ki da mutanen kirki, shi nisanta ki da mugun aboki da mugun ji da mugun gani. Allah shi buɗa miki ƙwaƙwalwa, shi sa ilminki ya amfani mutane, kada hannunki ya zama sanadin cutar da kowa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini faɗan da na yi ta yi miki a kan tabarma. Allah shi yi miki albarka.

Ki gaida Hajiya, ki ce mata na gode da ba ta rufa miki asiri ba.

Wassalam.

Innarki,
Hadiza.